Gwajin ADHD da daidaita magani a asibitocin kuɗi na Ingila: abin da kuɗinka ke saya da inda ake tuntuɓe

Duk baligin da ya je wurin likitan unguwarsa a Ingila, wanda ake kira GP, ya ce yana zargin yana da ADHD, wato larurar kasa tattara hankali da rawar kai, abin da zai fara ji shi ne layin yana da tsawo. A 2024 BBC ta tattara alƙaluma daga hukumomin NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ta gano cewa a yankuna da dama sai an shekara 8 ko fiye kafin a gama da manyan da ke jira, idan aka ci gaba da tafiya a yadda ake. Wannan jira ne ya buɗe wa asibitocin kuɗi kasuwa. Su kan ce ka zo a duba ka cikin mako biyu ko uku, galibi ta bidiyo, kana zaune a ɗakinka.

Ra'ayinmu a kan wannan hidima shi ne tana da amfani na gaske, ga wasu ma ita ce ke ceto karatu ko aiki. Amma gwajin da ake tallatawa da manyan baƙaƙe shi ne ƙaramin ɓangaren tafiyar. Wahalar da kashe kuɗin suna cikin watannin da ke biyo baya, lokacin da ake lalubo awon maganin da ya dace da jikin mutum, sai kuma ranar da za a nemi GP ya karɓi rubuta maganin. A nan ne ake gane asibitin kirki.

ADHD larura ce da ake tasowa da ita tun yarinta: kasa tattara hankali, yawan mantuwa, kasa zama wuri ɗaya, da yin abu ko furta magana kafin a yi tunani. A gida irin wannan yaro shi ake ce wa mai rawar kai ko marar natsuwa, a yi ta dukansa a makaranta, ya girma yana ganin laifinsa ne. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta ƙiyasta cewa kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na manya suna da ita. Ƙa'idarta mai lamba NG87, wadda ta fito a 2018, ita ce ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane asibiti a kai, na gwamnati ne ko na kuɗi.

Kafin ka zaro katin banki, ka san hanyoyin uku ne. Akwai layin NHS na yankinka. Akwai biya daga aljihu. Sai ta tsakiya, wadda mutane da yawa ba su sani ba, tsarin da ake kira Right to Choose, wato 'yancin zaɓi: GP ɗinka ya tura ka wani asibiti mai zaman kansa da ke da kwangila da NHS, gwamnati ta biya gwajin da daidaita maganin. A Ingila kaɗai yake aiki, ban da Sikotlan da Wales da Ireland ta Arewa. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya zo daga waje, ya biya kuɗin lafiya tare da bizarsa, ya yi rajista da GP, shi ma yana iya nema. Layinsa ya ƙara tsawo a 'yan shekarun nan, kuma sau da yawa ana jira sau biyu, na gwaji daban, na fara magani daban. Duk da haka, wanda zai iya haƙuri na watanni, wannan ce ya kamata ya fara gwadawa.

Gwaji na ƙwarai yana farawa da fom. Za a aiko maka da wanda za ka cike da kanka, sau da yawa mai suna ASRS, tambayoyi 18 ne. Sai wani na wanda ya san ka tun kana yaro, da na wanda ke tare da kai yanzu, miji ko mata ko abokin zama. Dalili shi ne ƙa'idar tana neman alamun su kasance sun bayyana kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata 6, suna faruwa a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma suna yi wa rayuwa illa a zahiri. Ga wanda ya kai shekara 17, ana neman alamu 5 cikin 9 a ɓangaren rashin tattara hankali, ko 5 cikin 9 a ɓangaren rawar kai da garaje. Ga yara 6 ake nema.

A nan waɗanda suka yi firamare a Kano ko Zariya ko Maraɗi suke cin karo da matsala. Likita zai ce a kawo katin sakamako na firamare, wanda malami ya rubuta a ƙasansa cewa yaro yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya mai da hankali. Wa ya ajiye wannan? Ba dole ba ne. Mahaifiya ko yaya ko ƙanwar uba na iya amsa tambayoyin ta waya, kai ka rubuta, ka gaya wa likita yadda aka yi. Sai dai a shirya, iyaye da yawa za su ce lafiyarka ƙalau, ƙiriniya ce irin ta yara. Kada ka tambaye su ko kana da larura. Ka tambaye su abin da ya faru: sau nawa ka ɓatar da jakar makaranta, ko ana aikenka ka manta saƙon a hanya, ko malamin Islamiyya ya taɓa kawo ƙararka.

Ganawar kanta ita ce zuciyar aikin. Asibitoci da yawa suna bin jerin tambayoyi mai suna DIVA-5, ana bin alamu 18 ɗaya bayan ɗaya, a nemi misali daga yarinta da kuma na yanzu. Idan aka yi shi yadda ya kamata, tare da tarihin lafiya da na iyali, ba ya kasa awa ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu ko uku. Likitan kirki zai tsaya ya tona wasu abubuwan da ke kama da ADHD: ciwon damuwa, fargaba, ƙarancin barci, minshari mai tsayar da numfashi, ciwon maƙoƙo mai hanzarta jiki, shaye-shaye, tabon wani mugun abu da ya taɓa faruwa, da ciwon da ke sa mutum hawa da sauka tsakanin zumuɗi da baƙin ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin ADHD na iya tayar da shi. A watan Mayu 2023 wani binciken BBC ya nuna ɗan jarida ya samu shaidar ADHD daga asibitocin kuɗi uku ta bidiyo, alhali likitan NHS da ya zauna da shi na tsawon lokaci ya ce ba shi da ita. An yi ta muhawara a kan adalcin binciken, amma tun daga lokacin likitocin unguwa suka ƙara sa ido a kan rahotannin da ke zuwa daga waje. Gwajin minti 40 da bai tambayi komai a kan yarinta ba, araha ce da ba ta ado: za ka samu takarda, takardar ba za ta buɗe maka ƙofa ba.

Ka duba wanda zai gan ka. Likitan ƙwaƙwalwa ya kasance a rajistar ƙwararru ta GMC, nas a rajistar NMC, mai haɗa magani a GPhC, duk ana iya dubawa kyauta a intanet. Asibitin kuma ya kasance da rajistar CQC, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci, ka karanta rahoton bincikensu na ƙarshe. Akwai tarko ɗaya da ke cin kuɗin mutane: masanin halayyar ɗan Adam na iya tabbatar da larurar, amma ba ya rubuta magani. Idan magani kake nema, za ka sake biyan wani ya duba ka.

Rahoton da za a ba ka ya kamata ya zama mai shafuka, ya nuna alamun da aka samu da misalansu, shaidar yarinta, abin da aka duba aka kawar, da sunan wanda ya yi gwajin da matsayinsa. Yana amfani wajen neman ƙarin lokaci a jarrabawar jami'a da neman tallafin gwamnati mai suna Access to Work a wurin aiki.

Daidaita maganin shi ne babban aikin. Kafin ƙwaya ta farko sai an auna hawan jini, bugun zuciya, nauyi da tsawo, an kuma tambayi tarihin zuciya. Tun gyaran da NICE ta yi a 2019 ba kowa ake yi wa gwajin zuciya na ECG ba. Amma idan akwai ɗan uwa na jini, uba ko uwa ko wanda kuke ciki ɗaya, da ya mutu farat ɗaya kafin shekara 40 ana zargin zuciya, ko kana suma ko numfashinka na sarƙewa in ka motsa jiki, ko ƙirji na ciwo, to sai likitan zuciya ya gan ka tukuna. Kada a ɓoye wannan don gudun jinkiri. Hawan jini kuma ya fi yawa a tsakanin baƙar fata, mutane da yawa ma a wannan awon ne suke fara sanin suna da shi.

Idan ta bidiyo ake yin komai, kai za ka riƙa awon a gida. Sayi na'ura mai ɗaurin damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuma ɗaurin ya yi daidai da kaurin hannunka, domin ƙarami yana nuna lamba sama da gaskiya. Zauna minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba ka sha shayi ko kofi ba. Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani. A gida, abin da ya kai 135/85 akai-akai ana ɗaukarsa hawan jini ne.

Ga manya, NICE ta ce a fara da ɗaya daga biyu: lisdexamfetamine ko methylphenidate. Na farko ana sayar da shi da sunan Elvanse. Ana farawa da miligiram 30 da safe, a ƙara 20 bayan kimanin mako guda idan akwai buƙata, iyakarsa 70 a rana. Yana aiki wajen awa 13 zuwa 14, don haka wanda ya sha shi da azahar ya yi sallama da barcin daren. Kafso ne na gelatin, kuma ga wanda wannan ke damunsa, takardar maganin ta yarda a buɗe shi a zuba garin cikin ruwa ko yogot a shanye nan take, duka, ba a raba shi biyu.

Methylphenidate ya fi yawan kala. Mai gajeren aiki ana farawa da miligiram 5 sau biyu ko uku a rana, yana ɗaukar awa 3 zuwa 4. Masu dogon aiki kuma kowanne da yadda yake sakin magani. Concerta XL yana sakin kashi 22 nan da nan, 78 a hankali, ya kai awa 12, ana farawa da miligiram 18 a riƙa ƙara 18. Equasym XL 30 da 70 ne, Medikinet XL rabi da rabi, dukansu wajen awa 8, kuma Medikinet sai da abinci ko bayansa, in ba haka ba sakin nasa ya rikice. Shi ya sa hukumar magunguna ta MHRA ta ja hankali a 2022 cewa a riƙa rubuta su da sunan kamfani. Idan kemis ya miƙo maka kwali mai wani suna, tambaya kafin ka bar wurin. Concerta ana haɗiye shi gaba ɗaya, ba a taunawa ba a fasawa, kuma idan ka ga ɓawon ƙwayar ya fita a bayan gida kada ka tsorata, maganin ya riga ya fita daga ciki.

Idan an yi mako 6 a kan isasshen awo babu wani canji, sai a koma ɗayan. Idan duka biyun sun ƙi, akwai atomoxetine: ga mai nauyi sama da kilo 70 ana farawa da miligiram 40 na mako guda, sannan 80. Shi ba ya nuna aikinsa ranar farko, sai an yi makonni, kuma mutane da yawa suna jefar da shi kafin ya fara.

Abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin awon da ke yin aiki ba tare da ya wahalar da jiki ba. Nauyin mutum ba ya nuna awonsa, ƙato na iya tsayawa a miligiram 30 na Elvanse, siririya ta buƙaci 70. Kuskuren da aka fi yi shi ne bin daɗin makon farko. A kwanakin farko wasu suna jin wani irin kuzari da farin ciki, bayan kwana goma ya lafa, sai su ce magani ya daina aiki, a ƙara. Wannan kuzarin ba shi ne aikin maganin ba. Ma'aunin shi ne ko ka buɗe wasiƙun da suka taru, ko ka gama aikin da ka fara, ko kana iya sauraron mutum har ya kai aya. Ka ajiye ɗan littafi: lokacin da ka sha, lokacin da ka ji ya kama, lokacin da ya sake ka, awa nawa ka yi barci, me ka ci, da lambobin jini da bugun zuciya. Asibitin kirki zai nemi waɗannan kafin kowane ƙari da bayansa. Wanda ke ƙara maka awo ta imel ba tare da ya ga lamba ko ɗaya ba, ka guje shi.

Illolin da aka saba gani su ne rashin jin yunwa, bushewar baki, ciwon kai, rashin barci, da wani irin ƙunci ko saurin fushi da yamma lokacin da magani ke sauka. Yawancinsu suna da gyara. A ci abinci mai nauyi kafin a sha, a ajiye gorar ruwa kusa, a rage kofi da lemon ƙara kuzari, har da goro, tunda duk sinadari ɗaya ne ke cikinsu. Maganin mura mai buɗe hanci irin mai pseudoephedrine yana ƙara hawan jini, a tambayi kemis tukuna. Idan awo ya yi yawa, mutum kan ji jikinsa a ɗaure, haƙora a cije, ko ya zama shiru kamar ba shi ba. Bugun zuciya da ya wuce 120 a minti kana zaune kuma ya ƙi sauka, dalili ne na rage awo da ganin likita. Ciwon ƙirji, suma, jin muryoyi ko tunanin cutar da kai, waɗannan na gaggawa ne, a kira lambar gaggawa 999 ko layin NHS na 111, ba a jiran amsar imel.

Azumi ma ya kamata a yi maganarsa da likita tun da wuri. Fara daidaita magani a cikin Ramadan yana rikita lissafi, domin ciwon kai da ƙishi da ƙarancin barci na iya zama na azumi, na iya zama na ƙwaya, ba yadda za a bambance. Wanda ya riga ya daidaita kan sha da sahur, amma ya san zai sake shi tun kafin magariba, kuma bushewar baki za ta fi ta kullum. Gara a jinkirta farawa zuwa bayan salla.

Kuɗi kuwa, farashi ya bambanta, amma gwajin baligi galibi yana tsakanin fam 500 zuwa 1,200, a Landan ma ya fi haka. Daga nan kowace ganawar daidaitawa da kuɗinta, rubuta takardar magani da nata, sai maganin kansa, wanda za ka biya cikakken farashinsa a kemis, yakan kai fam 100 a wata idan Elvanse ne. Waɗannan magunguna suna cikin rukunin da doka ta tsaurara, don haka takardar tana mutuwa bayan kwana 28, kuma ba a cika ba da fiye da na kwana 30 ba. Ma'ana kowane wata sai an sake biya. Daidaitawa takan ɗauki wata 2 zuwa 3, in an canza magani ta fi haka. Ba abin mamaki ba ne jimillar watannin nan ta zarce kuɗin gwajin. Asibitin da ke ba da farashi dunƙule, ka nemi a rubuta maka ganawa nawa ke ciki, da abin da zai faru idan sun ƙare ba a kai ga daidaito ba.

Bayan an daidaita, asibitin zai rubuta wa GP ya nemi yarjejeniyar raba kulawa: GP ya riƙa rubuta maganin a kan NHS, ka biya fam 9.90 kawai, ana auna jini da bugun zuciya da nauyi duk wata 6, ƙwararren kuma ya duba ka sau ɗaya a shekara. Abin da tallace-tallace ba sa faɗa da ƙarfi shi ne GP ba dole ba ne ya yarda. Yana da 'yancin ƙi, kuma da yawa sun daina karɓar irin wannan daga asibitocin kuɗi gaba ɗaya, saboda aiki ne da ba ya cikin kwangilarsu kuma alhakin takardar yana wuyan wanda ya sa hannu. Idan ya ƙi, za ka ci gaba da biya daga aljihu wata bayan wata, ko ka koma bayan layin NHS, inda wasu yankunan za su ce sai sun sake gwajin daga farko. Ko da ya yarda, kuɗin dubawar shekara-shekara yana kanka, kuma in ka tsallake ta, ko ka koma wani gari ka canza GP, yarjejeniyar na iya rushewa. Tun ran gini ran zane: kafin ka biya ko fam ɗaya, rubuta wa asibitin unguwarku, ka ambaci sunan inda kake son zuwa, ka tambaya ko za su karɓi raba kulawa, ka ajiye amsar a rubuce.

Akwai kuma ƙarancin magani. A watan Satumba 2023 an fitar da sanarwar gargaɗi ta ƙasa a kan ƙarancin magungunan ADHD, kuma an daɗe ana fama. Ka nemi sabuwar takarda tun da saura kwana 10, ka kira kemis ka ji ko suna da shi kafin a aika musu. Mai tafiya gida hutu ko umara ya riƙe maganin cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, tare da wasiƙar likita mai sunansa da awon da kwanakin tafiya. Ƙasashe irin su Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauri sosai a kan wannan rukuni, a bincika ƙa'idarsu tun kafin a sayi tikiti. Ba wa wani ƙwaya ɗaya, ko aboki ne mai jarrabawa, laifi ne a doka, kuma haɗari ne ga zuciyar da ba a auna ba.

Wanda wannan hidima ta dace da shi shi ne wanda jira zai ci masa shekarar karatu ko aiki, yana da abin da zai ɗauki nauyin magani na aƙalla wata 6, kuma GP ɗinsa ya amsa a rubuce. Wanda bai cika waɗannan ba, ya nemi GP ya tura shi ta Right to Choose, ya kuma tambayi asibitin da ya zaɓa ko za su ci gaba da rubuta masa magani a kan NHS idan GP ya ƙi karɓa, domin wasu suna yi, wasu ba sa yi.